Zakaran Sunkani a Kaskon Tailan

Duk wanda ya san ni a unguwar Barade ta Jalingo ya san ban taɓa sa hannu a aiki ya gagare ni ba. Na gyara janareto da cokalin shayi. Na taɓa raba rigimar fili da labari ɗaya tak, har masu rigimar suka manta inda iyakar take. Girki kuwa, kullum ina faɗa a majalisa, ba iyawa ce ban yi ba, lokaci ne ban samu ba. Me ke cikinsa? Wuta ce da tukunya, sai ka tsaya kana juyawa.

To, wannan bakin nawa shi ya ja mini tafiyar da zan ba ku labari. Ranar Laraba aka yi wa matata, Malama Dudu, walimar ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare. Aka miƙo mini lasifika in ce wani abu. Da na ce Allah ya sa albarka na zauna, da an rabu lafiya. Sai na tuna shekara tara ke nan tana ba mu labarin wani abinci da ta ci a Abuja sa'ad da aka tura su bita: soyayyiyar kaza da gauta irin ta mutanen Tailan, ƙasar nan da muke cin shinkafarta. Duk ranar da tuƙin tuwo ya gajiyar da ita sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, ranar nan ta Abuja!" Na ɗaga murya na ce ranar Asabar ni da hannuna zan dafa mata shi, kuma malamai ina gayyatar kowa. Aka yi ta tafi. Dudu ba ta tafa ba. Kallona ta yi kamar an ce mata gidanta ya kama wuta. Shekara talatin tana ciyar da ni, wannan ne karo na farko da na yi mata alkawari a gaban mutanenta, kuma ba na so ta sunkuyar da kai saboda ni.

Da la'asar na kira 'yarmu Zainabu, da ke aiki a Abuja.

"Baba, ɗauko biro," in ji ta. "Gauta, tafarnuwa, attarugu biyu, ganyen ɗoɗɗoya, sukari cokali ɗaya..."

"Sukari? A nama? Ke Zainabu, kunu na ce zan dama?"

"Haka ake yi. Sai ruwan kifi na kwalba. Kaza kuma ka sayi ta gidan gona, tsokar ƙirji kawai, ka yayyanka ƙanana. Minti biyar a wuta mai ƙarfi, ka sauke."

Na ce kazar gidan gona, wadda ba ta taɓa ganin rana ba, ita zan ba uwarki a gaban baƙi? Allah ya kiyaye. Sunkani za ni, wurin Bappa Hammadu, ƙanin mahaifina, in ɗauko kazar da ta san ƙasa.

Alhamis: Jalingo zuwa Sunkani

Ƙarfe biyar da arba'in, ana fitowa sallar asuba, na tare keke zuwa tasha. Motar da na samu an ƙera ta ne don mutum huɗu, aka zuba mu bakwai, ni a gaba rabin jikina kan giya. Duk sa'ad da direba zai sauya giya sai ya ce, "Baba, ɗaga." Na ƙirga, sau ashirin da shida na ɗaga. Muka tashi bakwai saura minti goma, muka wuce shinge ɗaya ba tare da an dube mu ba, bakwai da rabi da 'yan kai muna Sunkani.

Na iske Bappa a ƙofar gida yana gyaran igiya, ya tambaye ni kwana da Fulatanci. "A waali jam, Manu?" Na ce jam, Bappa. Aka kawo kindirmo da fura mai yaji, na sha har na manta abin da ya kawo ni. Da na faɗa masa, ya zaro ido.

"Kai za ka dafa? Dudu ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Girmamawa ce."

Jin kalmar girmamawa sai ya miƙe. Ya ce in don surukarsa ne, ba budurwar kaza zai bayar ba a yi masa dariya. Ya nuna mini wani jan zakara a kan rumbu, mai ƙafafu kamar na ɗan dambe. "Wancan shekararsa huɗu. Sau biyu yana korar shaho. Babu kamarsa daga nan har bakin kogi." Raina ya yi fari. Mu uku, ni da Bappa da maƙwabcinsa, muka yi minti arba'in muna zagaya gida kafin ya shiga hannu, shi ma don ya tsaya ya yi cara ne.

Ana ɗaure masa ƙafa na ce ai minti biyar zai yi a wuta. Bappa ya saki igiyar.

"Minti nawa?"

"Biyar. Haka mutanen Tailan suke yi."

"Manu, ruwan fige shi ma ba zai tafasa a minti biyar ba."

Na yi murmushi kawai, na ce a raina tsoho ne, ina ya san Tailan. Muka shiga lambunsa. Ya tsinko mini farin yalo manya masu zaƙi, na ajiye su na zaɓi ƙananan gauta kore shar, don su suka yi kama da hoton abincin da Zainabu ta turo mini a waya. Ya ce, "Waɗannan masu ciwon ciki muke ba wa." Na ce useko, wato na gode, na cika jaka.

Ƙarfe ɗaya na dawo Jalingo, zakara a tsakanin ƙafafuna. Ya sare ni a idon sawu sau tara.

Juma'a: Jalingo zuwa Lau

Tun yammacin Alhamis na bi shagunan unguwar Turaki ina neman ruwan kifi na kwalba. Wani mai shago ya miƙo mini kifin gwangwani, wani ya tambaye ni ko magani ne. Na sake kiran Zainabu ta yi mini bayani.

"Ƙananan kifi ake zubawa a tulu da gishiri, Baba, a rufe shekara guda har su narke, sai a tace."

Innalillahi! Na ce abin da uwarki ta ci ke nan, take ta begensa shekara tara? Amma alkawari kaya ne. Na ce in akwai masu wannan aiki a Taraba, to a bakin kogin Binuwai suke.

Shida da kwata motarmu ta tashi zuwa Lau. Hanyar nan ba ramuka ke cikinta ba, ita ce ke cikin ramuka. Wajen takwas da rabi muka isa, haƙorana suna ƙara. Aka nuna mini Mama Talatu, mai bandar kifi a bakin ruwa, tana tsaye cikin hayaƙi tana juya tarwaɗa. Na gaishe ta, na zayyana mata abin da nake nema. Ta ajiye sandar hannunta.

"Baba, kifi ya ruɓe shekara ɗaya, kai ka ba matanka ya ci? Ya yi maka wani laifi?"

"Murna nake taya ta."

Ta kira matan da ke kusa ta maimaita musu da yarensu, aka yi ta salati da tafa hannu. Wata ta ce ko mijinta da ya sake ta bai yi mata haka ba. Amma Mama Talatu mutuniyar kirki ce. Ta daka ƙananan busassun kifi, ta tafasa su da gishiri da daddawa har ruwan ya yi baƙi, ta tace ta ɗura mini a robar ruwa. Ta ce, "Ɗigo uku kawai. Ka wuce uku, ba ruwana."

Sha ɗaya na kamo hanya don in samu Juma'a. Ashe murfin robar bai zauna ba, ga rana, ga ramuka. Tun kafin mu yi rabin hanya matar da ke bayana ta rufe hanci da mayafi. A shinge soja ya leƙo kansa ta taga, ya janye da sauri kamar kunama ta harbe shi.

"Direba, waye ya mutu a motan nan?"

Na ɗaga robar na ce abincin Tailan ne, ranka ya daɗe. Ya ce, "Baba, ku wuce, ku wuce, Allah ya ba shi lafiya." Ban samu sauya riga ba. A masallaci ban taɓa ganin sahu mai yalwa irin na ranar ba. Kamu biyu dama, kamu biyu hagu, babu kowa kusa da ni.

Asabar: daga falo zuwa kicin

Taku goma sha huɗu ne, na ƙirga. Amma cikin tafiyar nan duka babu zangon da ya fi mini baƙunta. Na tashi ƙarfe goma. Na zaunar da Dudu a babbar kujera da sabon leshinta, na sa mata matashi a ƙafa, na rantse kada ta leƙo ko da ta ji ihu.

Ban san inda ashana take ba. Ban san inda wuƙa take ba. Ɗoɗɗoyar da na yi niyyar zuwa kasuwa nema, ashe ga ta nan ta yi daji a ƙarƙashin tagar kicin, shekara da shekaru ina wuce ta ina zaton ciyawa ce. Kasko mai zurfi kuwa na maƙwabciyarmu mai ƙosai na aro.

Yanka zakara da fige shi suka ci awa biyu. Da na buɗe ƙirjinsa neman tsokar da Zainabu ta ce, sai na tarar da allo. Duk naman yana cinya, ja wur, wuƙa tana zamewa a kansa. Na koma da adda. Gautar da na yayyanka tun da safe don in rage aiki, na waiwayo na ga ta yi baƙi ƙirin kamar goron da aka tauna.

Sha biyu da rabi baƙi suka iso, mutum shida, gaba gare su Madam Rifkatu, mataimakiyar Dudu a makaranta, mace mai baki kamar reza. Na jiyo ta tana cewa, "Ina mai girkin? Mu ko karyawa ba mu yi ba, mun bar wa Tailan wuri."

Na kunna gas har ƙarshe, na zuba man gyaɗa. Zainabu ta ce attarugu biyu. Na ce biyu ai na yara ne, na daka goma sha biyu da tafarnuwa. Da mai ya fara hayaƙi na watsa su.

Jama'a, ban san attarugu makami ba ne sai ranar. Wani farin hayaƙi ya tashi ya shaƙe ni, na fara tari kamar tsohon babur. Hayaƙin ya bi taku goma sha huɗun nan ya shiga falo. Kafin ka ce kwabo malamai shida suna gindin mangwaro suna hawaye, ɗaya ya fita ba takalmi. Ina tari na zuba nama, na zuba gauta, na ɗauko robar Mama Talatu. Tari ya sake sarƙe ni, ɗigo uku ya zama rabin roba. Kyanwoyin unguwa suka jeru a kan katanga. Na rufe ido na zuba sukari ina istigfari. Na dubi agogo, minti biyar cif, na watsa ɗoɗɗoya na sauke. Shinkafa ta riga ta caɓe ta kusa zama tuwo, na ce dama Tailan haka suke son ta.

Biyu da rabi aka zauna a tabarma a gindin mangwaro, don falo bai shigu ba. Aka yi bismilla. Sai wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai tauna. Minti uku, huɗu, babu wanda ya haɗiye. Madam Rifkatu ta ɗago kai, jijiyar wuyanta a tsaye.

"Malam Manu, ka tabbata an yanka kazan nan? Ni ina taunarsa, shi yana taunata."

Wani malami ya ɗauki gauta don ya huta, ɗacinta ya sa ya rufe ido ɗaya, sukarin ya biyo baya ya rufe ɗayan. Ni kaina na sa yanka guda a baki, har yanzu da nake rubutun nan muƙamuƙina bai dawo daidai ba. A nan na tuna Bappa da ruwan figa.

Na saci kallon Dudu. Wallahi ba ta sunkuyar da kai ba. Ta miƙe ƙafafu, tana cin shinkafarta da ɗan romon a hankali, tana ture naman gefe, fuskarta fes kamar ranar da aka biya su kuɗin ƙarin girma. Har ta ce wa baƙin, "Ku ci mana, mijina ne ya dafa." Madam Rifkatu ta tattara naman a leda ta ce za ta kai gida ta ba shi awa biyun da na hana shi a wuta. Aka watse ana dariya ana tari.

Alhamdu lillahi, na je na dawo lafiya. Ina gode wa Bappa Hammadu da ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji, da Mama Talatu ta Lau, da direbobi huɗu, da sojan da ya yi mana addu'a. Zakara kuma Allah ya sa ya yafe mini.

Da gida ya rage mu biyu, na matso kusa da ita ina gyara hula. Na ce, "To Malama, tsakani da Allah, ya yi kama da na Abuja?"

Ta ce, "Na Abujan ma ban iya cinyewa ba, Malam. Sukari a nama, ina daɗinsa? Abin da nake tunawa, ranar zama na yi aka kawo mini, na ci na tashi ban wanke ko cokali ba. Yau ka yi rabi. Ga kasko can da tukwane bakwai suna jiranka, soso yana bayan randa."