Matar da Ta Hana Ni Ganin Wayarta

An ce min Sista Jiniya, shugabar masu aikin gaggawa a asibitinmu, ta buɗe wani zaure a waya, inda direbobin motar asibiti da nas-nas ke tona asirin marasa lafiya suna dariya. Ɗana direba ne a can. In maganar ta tabbata, aikinsa ya tafi. Ni kuwa ban cika sayen "an ce" ba, sai na yafa mayafi na je.

Dama ina cikin damuwa. Tun ranar da wata mai naƙuda ta cika a motarsa cikin cunkoso, ɗan nan ya daina cin abin kirki. Matarsa ta kai ƙara wurin ƙannena, suka ce ai mai aikin asibiti ya saba ganin mutuwa. Wa ya gaya musu ana sabawa?

Da safe na sami Sistar a bakin famfo, inda ake wanke motocin, na gaya mata ko uwar wa ce ni da abin da ya kawo ni. Ashe nan take fara tsayawa kullum kafin ta shiga ofis.

"Mama, duk wanda ya wanke mota ya sake wankewa alhali ba jini ba datti, akwai abin da ya dawo da shi a ransa," ta ce. "Shi nake jawowa zauren. Ɗanki kuwa, har fentin motarsa ya kusa kankarewa."

Na ce ta nuna min wayar.

"Ko da ke kika haife shi, wallahi ba za ki gani ba."

"Ke 'yar nan, na girmi uwarki fa!"

"To ki sa min albarka, ki bar min wayata."

Wani dattijon direba da ke matse tsumma ya ƙyalƙyale da dariya. Shi ya shaida min dokokinta: ba sunan majiyyaci, ba hoto, kuma duk wanda ya ce wa ɗan'uwansa "namiji ne kai, ka daure" sai ya ba da haƙuri. Wanda ya yi shiru a zauren, tana kiransa. Wanda abin ya fi ƙarfin hira, da ƙafarta take raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. "Ni ma ta raka ni," ya ce, ko kunya babu.

Ke ce, Sista, kika lura cewa mai ɗaukar mara lafiya shi ma yana buƙatar a ɗauke shi. Mai ido a bakin famfo, Allah Ya biya ki. Shugabannin sauran asibitoci, ku fito daga ofis ku duba masu wanke motocinku.

Daga baya ɗana da kansa ya kunna min saƙon muryarsa na farko a zauren. Bai ambaci kowa ba. Cewa ya yi har yanzu yana jin muryar matar a bayansa in yana tuƙi. Abokan aikinsa suka yi ta amsa masa, kowa da tasa damuwar. Jiya ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari, motar kuma wanki ɗaya ya yi mata.