Na amsa wa likita da Faransanci don kada Inna ta ji

Yaya Hadiza na tsaye gaban murhu sai ludayi ya suɓuce mata. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ni fa, ƙanwarta! Kafin in buɗe baki ta faɗi tana jijjiga.

Maƙwabtanmu a unguwar New Bell ta Kamaru suka ce iska ce, a kira malam. Ni da Inna muka tari taksi sai asibiti.

Likita ya tambaya da Faransanci ko tana da wata cuta. Ni kaɗai ta gaya wa tana da ƙanjamau, har rantsar da ni ta yi. Na amsa da Faransanci kawai, ban fassara ba, don kada Inna ta gane.

Ya ce in aka bar shan magani, cutar kan kai ga ƙwaƙwalwa. Tun yaushe ta daina? Na ce masa ban sani ba.

Inna ta damƙi hannuna. "Maganin yake tambaya? Ki ce masa tun azumi. Ni ke share ɗakinta, kwalbar ba ta ragu ba."

Ashe mu biyu muna ta rufa mata asiri, ba wadda ta ce mata ta sha.

Har yanzu ba ta gane mu ba. Da ku ne, da kun yi shiru?