Kumai Kafinta da Kujera Mai Kallon Baya

Kumai kafinta ne a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Bencin coci yake yi, kuma tun yana saurayi ba ya karɓar magana yadda aka kawo ta. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata nas mai suna Mildred, wadda ta dawo daga kwas a Turai, ta zo ya yi mata 'yar kujera mai zurfi da za a ɗaure a motar mijinta, jaririyarta ta riƙa kallon baya.

Kumai ya ce, "Baya kuma, Sista? Me ya sami fuskar yarinyar da ake ɓoye ta?"

Ta ce in an taka birki da ƙarfi, kujerar ce za ta tare wuyan yarinya. Bai gamsu ba. Sai da ya tura matarsa Afiniki gidan Mildred gaisuwa, ta dawo ta ce yarinya lafiyarta ƙalau, sannan ya ɗauki zarto. Ya yi kujerar, har da shimfiɗar auduga. Amma duk Lahadi in motar ta tsaya a ƙofar coci, sai ya je ya leƙa ta taga, ya ga fuskar yarinyar da idonsa.