Ranar da sunan Malam ya fita daga bakina

Shekarun baya ne, lokacin da autata take rubuta kundin kammala digirinta na lissafi. Ta dawo gida Batsari da ciwon ido, an ɗiga mata magani, an hana ta kallon takarda da kwamfuta. Ga shi malaminta ya taɓa maido mata da aikin saboda kuskure wajen ambaton masana, ya ce in ta sake, sai dai ta jira wata shekara.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya. Ina haɗa baƙi a hankali, ko na Turanci ne, ba sai na san ma'ana ba. Sai ta ce in karanta mata abin da ta buga, ita tana kwance tana saurare.

Ta fara yi mini bayani. Wai manhajar da suke aiki da ita umarni ake ba ta, ita ke fito da sunan masani. Akwai citet, mai sa suna a cikin magana, wane ya ce kaza. Akwai citep, mai tura suna da shekara gefe, cikin baka biyu. Akwai kuma mai fito da shekara kaɗai. "Inna, kamarsu ɗaya, su suka kayar da ni. Duk inda kika ga suna ki faɗa."

Na ce to.

Muna tsakar gida bayan la'asar, karatu na tafiya, har da sunayen Turawa ina ta karya su tana dariya. Sai na zo wani layi na tsaya. Yayanta da ke koyarwa a Safana ya taɓa rubuta wata takarda, ta ambace shi. Su kuwa 'yan boko da sunan uba ake kiransu. Sunan Malam, maigidana, ke nan a farkon layi, wanda tun da aka kawo ni gidan ban taɓa furtawa ba. Na tsallake, na karanta shekara.

"Inna, sake."

Na sake, na tsallake.

Ta tashi zaune. "Innalillahi! Shekara kaɗai ta fito? Wallahi citet na sa. To sauran ma sun lalace ke nan!" Ta fara laluben buta za ta wanke maganin ta buɗe kwamfuta, hawaye na zuba daga idon da aka ce kada ta wahalar.

Na ce, "Zauna, akwai suna."

"Wane suna?"

"Na... mutumin."

"Wane mutumin, Inna? Masana sun fi a ƙirga!"

Na dubi idon nan nata. Na runtse nawa, na faɗa. Na ɗauka a hankali na yi.

Daga zaure sai na ji, "Na'am?" Malam ya leƙo da carbi a hannu, yana dube-dube. "Wa ya kira ni? Kamar muryar Hajiya na ji." Mahaifiyarsa yake nufi.

Yarinyar nan ta kife a tabarma tana dariya, ni kuwa na rufe fuska da shafin kundi.

Aikin ya wuce, ba a maido shi ba. Na san ba laifi na yi ba, amma har yau in na tuna sai fuskata ta yi zafi. Sunan ya sake fitowa a shafukan gaba, kuma duk na faɗa, Malam na zaure yana gyaran murya.