Gyambon Cikin Sitt Insaf

"Wallahi Medhat, in ka faɗa mata, ba ni ba kai!"

"Ke dalla rufe min baki. Likita ya ce Asabar za a yi aikin, na sa hannu, an wuce wurin."

Bangon da ya raba kicin ɗina da na maƙwabciyata Sitt Insaf ko tari ba ya tarewa. 'Ya'yanta ne, Gehan da yayanta Medhat, suke faɗa a kan abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Uwar kuwa tana falo, ta ƙure rediyo.

Shekara talatin da ɗaya Sitt Insaf ta yi tana jinyar marasa lafiya a wani asibiti a nan Tanta. Ita ke ɗaura wa masu ciwon daji jan ruwan maganin nan, ta ce, "Na ƙarin jini ne, Baba," saboda dangi sun ja ta gefe sun roƙe ta. A wurinmu ba a kiran sunan ciwon, sai dai a ce "waccan cutar".

Da cutar ta kama ta, sai aka ce mata gyambon ciki ne. Likita ya shafa mata kafaɗa, ya fita waje da Medhat.

Tausayi suke kiran abin. Ni dai na san Medhat. Sau nawa ta faɗa a gabanmu cewa in waccan cutar ta same ta, kar a sa mata wuƙa, a mai da ita ƙauyensu ta mutu a ɗakin uwarta? In an faɗa mata, dole a tambaye ta. In an tambaye ta, za ta ƙi. Sai unguwa ta ce injiniya guda kamarsa ya bar uwarsa ba magani.

Ranar Asabar da hantsi ta ƙwanƙwasa min ƙofa, rungume da tukunyar na'ana'arta. Medhat na ƙasa yana ta danna hon.

"Riƙe min, 'yata. Ruwa kaɗan, da safe."

"Allah ya ba ki lafiya, Inna. Gyambo ai ba komai ba ne."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

"Har da ke? Ni na koya wa rabin asibitin nan wannan ƙaryar."

"To ki ce ba ki yarda ba mana!"

Ta gyara mayafi, ta dafa ƙofa.

"In ce wa wa? Wa ya tambaye ni? Kar dai ki nuna wa yaran na sani. Ba za su iya ɗauka ba."