Tafinta a Ƙarƙashin Mota

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta, amma ranar da na kai shugaban makarantarmu kallon giwaye a ƙasar Benin, ko tsufa ya cinye ni ba na jin za ta fita raina.

Lokacin ina sabon malami a wata sakandare a Birnin Kebbi. Ni ɗan Bagudo ne, kuma a ɗakin malamai na mai da wannan abin taƙama. Kullum aka zauna sai in ce mu mutanen bakin iyaka ne, da giwaye muka tashi, Faransanci kuwa a kasuwa muke tsintarsa. Gaskiyar magana, giwa a littafin 'yan firamare kawai na taɓa ganinta. Faransancina kuma bai wuce gaisuwa da "na gode" ba. Ban ɗauki abin ƙarya ba a lokacin, na ɗauke shi gishirin hira.

Wata rana shugaban ya kira ni ofis. Dattijo ne mai son tsari, wanda ko murmushi sai ya ga dalili yake yi, kuma takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburinsa tana jiran sa hannu. Ya ce ya ji akwai babban gandun namun daji a ƙetaren iyakarmu, yana so ya gani da idonsa kafin ya kai ɗalibai. "Tunda kai ɗan gida ne kuma kana jin harshensu, kai za ka yi mini tafinta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ƙaramin abu ne." Na fito ina neman dabara.

Dabarar da na yi ita ce na biya ƙauyen Sharabi na ɗauko kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne da yake jin Dandanci, harshen mutanen can ƙetare, kamar Hausa. Da na gaya masa inda za mu, sai ya ajiye fartanya ya dube ni.

"Giwa za ku kallo? Ku bar gari ku tai ku kalli ɓarauniya?"

Ashe shekara biyu kafin nan wasu giwaye sun ƙetaro sun kwana cikin dawarsa, ko kara ba su bar masa a tsaye ba. Ya ce zai bi mu, amma ba don kallo ba. "In na gan ta, sai na hwaɗa mata abin da ac cikin raina. Ido da ido."

Muka bi ta Tsamiya muka ƙetare, muka wuce Segbana, muka kwana a Kandi. Da safe a ƙofar gandun aka haɗa mu da direba da motarsu, da wani jagora siriri mai kakin soja-soja, wanda ya tarbe mu da Faransanci. Kawu ya so ya yi masa Dandanci, na taka masa ƙafa, don kada shugaba ya gane ba ni ne mai jin harshensu ba. Na gaida jagoran da duk abin da na sani, ya ƙare cikin numfashi ɗaya. Shi kuwa ya ɗauka ya sami ɗan'uwa, ya shiga zuba bayani.

"Me ya ce?" in ji shugaba.

Na ce, "Yana yi mana maraba, ya ce dajin yana da girma ƙwarai."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Haka harshen yake, ranka ya daɗe. Suna da zagaye-zagaye."

Haka muka yini. Jagora ya yi magana, ni in duba inda yatsansa ya nuna in ƙirƙiro fassara. Ya nuna wata bishiya, na ce maganin shawara ce. Ya nuna sawu a ƙasa, na ce na zaki ne, ya wuce da asuba. Shugaba yana ta rubutawa a ɗan littafinsa. Wani lokaci nakan ga jagoran ya waiwayo ya dube ni, ya kau da kai yana cizon leɓe, na ɗauka zafin rana ne. Har azahar ba mu ga komai ba sai zabin daji da birai da wani mugun dawa da ya gifta da wutsiya a sama. Kawu ya ce ai ya sani, ta ji labarin zuwansa ta ɓuya.

Wajen la'asar muka gangara wani kwari kusa da tafki, ciyayi sun fi mota tsawo. Kwatsam motar ta tsaya, injin ya mutu. Jagora ya juyo ya yi wata gajeriyar magana ƙasa-ƙasa, yana yi mana alama da tafin hannu.

"Me ya ce?" in ji shugaba.

Na duba: mota ta mutu, mutum yana nuni da hannu. Ai ba sai an yi karatu ba. Na ce, "Ya ce batir ne. A sauka a tura."

Don in nuna ƙwazo, kafin kowa ya motsa na buɗe ƙofa na dire. Shugaba ma ya zuro ƙafa ɗaya, sai jagoran ya yi wa Kawu magana da Dandanci, Kawu ya cafko babbar rigar shugaba ta baya ya maido shi kujera kamar buhu. Ni ban ga wannan ba. Ina bayan mota, na sunkuyar da kai, na dafa da hannu biyu ina nishi, ina mamakin yadda direba bai saki birki ba.

Sai na ji wata murya a hankali, da Hausa tsantsa wadda ta fi tawa daɗi: "Malam, bar turin nan. Kada ka gudu. Kwanta ka shige ƙarƙashin mota."

Jagoran ne. Abu biyu suka same ni lokaci ɗaya, har yau ban san wanda ya fi firgita ni ba. Na farko, mutumin nan yana jin Hausa tun safe. Na biyu, da na ɗaga kai, ga giwa ta fito daga ciyawa, ɗanta yana bin ƙafarta, ta baza kunnuwa tana dubanmu. Direba da gangan ya kashe injin don su wuce lafiya.

Ban san yadda na shige ba. Na dai tsinci kaina kwance rubda ciki, ƙarfen mota mai zafi yana gasa mini baya, bakina cike da ƙasa. Daga nan ƙafafunta kawai nake gani, kowace kamar turmi, suna matsowa ba ko ƙara. Ta tsaya dab da mu. Hancinta ya sauko yana shinshina taya, iskarsa tana tayar da ƙura a fuskata. Duk addu'ar da na haddace ta gudu, sai addu'ar shiga bayi ce ta zo bakina, ita na yi ta maimaitawa.

A cikin wannan shirun na ji muryar Kawu daga sama, cikin ladabin da ban taɓa jin ya yi wa ko hakimi ba.

"Ranki shi daɗe, dawar nan na yahe. Wallahi na yahe. In kin so ki koma bana."

Ko ta ji ko ba ta ji ba, ta ɗan tsaya, ta busa iska, ta juya ta bi ɗanta zuwa ruwa. Wasu huɗu suka biyo bayanta. Sai da jagora ya ce in fito sannan na jawo jiki, rigata ta yi baƙi da man inji, takalmi ɗaya ya ɓace.

Direba ya tayar da mota, muka hau tudu. Can shugaba ya gyara tabarau ya ce wa jagoran, "Ashe kana jin Hausa."

"Uwata Bahausa ce, Alhaji. Na ga malam yana jin daɗin aikinsa ne, ban so in katse shi ba."

Shugaba ya buɗe littafinsa. "Bishiyar nan ta maganin shawara fa?"

"Cewa na yi kada a taɓa ta, ƙaiƙayi gare ta."

"Sawun zakin?"

"Na jakin masu gadi ne."

Shugaba ya zare shafi uku ya ninke ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya yi dariya har da hawaye, Kawu yana taya shi, kamar ba shi ne ya gama kyautar da gonarsa ba.

A hanyar dawowa na roƙe shi gafara, na gaya masa iyakar abin da na sani. Ya ce abin da ya dame shi ba kunyar da na sha ba ce. "Da ɗalibai arba'in ne a motar nan ka ce su sauka su tura fa?" Wannan tambayar ta fi giwar tsorata ni. Takardata ya sa mata hannu, amma sai da ya bar ni wata guda ina zullumi. Da aka kai ɗalibai kuwa, jagoran nan ne ya yi musu bayani da bakinsa, ni aka ba ni riƙon tulun ruwa.

Tun daga ranar na koyi faɗin "ban sani ba." Kalma uku ce, ba ta da nauyi, kuma ban taɓa ganin ta kwantar da mutum a ƙarƙashin mota ba. Ƙaryar da kake yi don a gan ka da girma, wani ne zai taka ta ya faɗi, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai ne.