Kunnen Dama na Rabi'u Mai Sauti

Rabi'u ɗan masunta ne, amma bai gaji kamun kifi ba. An haife shi a bakin ruwan Yelwa, a gidan da taru ya fi tabarmi yawa, sai dai tun yana ƙarami in aka bar shi da rediyo sai ya kwance ta. Ya koyi gyara a kasuwa, daga baya ya haɗa lasifika huɗu da janareta ya shiga zuwa biki da wa'azi da saukar karatu. Kafin ya cika talatin da biyar, daga Shanga har Wara ba a kiransa sai Rabi'u Mai Sauti.

Mutum ne mai zafin zuciya da saurin kai hannu. Ya taɓa fasa wa wani maroƙi baki don ya buga makirfo da ƙasa. Wansa Mati, wanda ke tuƙa masa motar kaya, shi kaɗai ke iya riƙe shi in ya hau. Duk taron da suka je Rabi'u na ɗaukarsa a memori, kuma kullum kukansa ɗaya ne, wai lasifika ihu kawai take yi, bai taɓa jin ainihin abin da ya ɗauka ba. Abokinsa na yarinta Zaidu, mai aiki a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Kaduna, ya yi masa alkawarin zai samo masa kayan sauraro irin na manyan masu sana'ar.

A ƙarshen kakar bara waccan aka kira su biki a wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Ngaski. Wani Alhaji mai fataucin busasshen kifi ne ke aurar da ɗansa. Bayan la'asar, ana tsakiyar kiɗa, babura suka ɓullo ta hanyar gonaki, mutum uku-uku a kai. Harbin farko ya sami mai kalangu a wuya. Fili ya watse, mata na jan yara, wasu suka faɗa ruwa da kayan jikinsu. Mati ya ruga wajen mota, har ya buɗe ƙofa aka harbe shi sau biyu a baya. Rabi'u na gani. Ya fizgi ƙarfen da ake kafa makirfo ya maka wa ɗan bindigar da ke kusa da shi a hannu, ya ji ƙashi ya ba da ƙara. Wani ya zo ta gefe ya sauke masa gindin bindiga a kunnen hagu.

Ya farfaɗo a asibiti. An tafi da Alhajin, an kashe mutum bakwai, an binne Mati ba ya nan. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi ke nan.

Wata biyu bayan haka kwalin Zaidu ya iso ta tashar mota. Kwana huɗu yana ajiye a zaure kafin Rabi'u ya yanke igiyar. Akwatuna biyu ne a ciki, masu nauyi kamar bulo. Ƙaramin shi ne ke karɓar abin da ke cikin kwamfuta ya mayar da shi sauti. Babban amfilifaya ce, mai ƙara wa sauti ƙarfi, da kwalabe biyu na gilas a kanta. Sai hedifon mai faɗi da ke rufe kunne gaba ɗaya, da laushin fata a bakinsa.

Ya jera su a kan tebur da hantsi, Zaidu na gaya masa ta waya inda kowace igiya za ta shiga. Da ya haɗa da wutar gari sai ya ji wani gurnani siriri a ƙasa, ya cire ya mayar kan batirin sola, gurnanin ya ɗauke. Kwalaben suka ɗumama suka yi ja kamar garwashi. Saura matsala ɗaya: rabin sautin na zuwa kunnen da ba ya ji. Ya ɗauko dalma da ƙarfen liƙi ya haɗa wani fulogi da ke tara ɓangarorin biyu ya zuba su dama. Bai gaya wa Zaidu wannan ba.

Wani tsohon biki na Shanga ya fara sawa. Ya ji yatsun mai goge suna gogar tsirkiya kafin sautin ya fito. Ya ji numfashin mawaƙi, da kaza a bayan rumfa, da wata mata na tambayar inda aka kai ludayi. Sai ga tarin Mati can gefe, irin wanda yake yi in ya sha hayaƙin janareta. Rabi'u ya zauna bai motsa ba har matarsa Zulai'atu ta leƙo ta tarar hawaye ya jiƙa masa gaban riga.

Washegari ya ɗauko memorin ranar harin. Na'urar ɗaukar sautin ba ta tsaya ba sai da man janareta ya ƙare, ta ɗauki minti arba'in da wani abu. Makirfo na kwance a ƙasa, komai ya shiga: harbi, kuka, takun gudu, wani yana kalmar shahada bai ƙarasa ba. A minti na shida, ƙarƙashin duk wannan, akwai wata murya a hankali, ba ta mai tsoro ba.

"Shina bayan rumbu, mai jar hula. Ku tare direban, zai kai labari."

Alhajin ne mai jar hula a ranar, direban kuwa Mati ne. Rabi'u ya maimaita wurin ya fi sau ɗari. Duk inda muryar ta zo kan "s" ko "sh" sai ya ji wani ɗan fito, irin na mai giɓi a gaba. Mutum ɗaya ya sani mai magana haka, Lawali mai gyaran injin jirgi a tashar ruwan Yelwa. Kuma a makon bikin an ga Lawali a ƙauyen, ya je gyara wa wani inji.

Zulai'atu ta sa hedifon ta saurara. Ta cire ta ce, "Malam, ni ihu nika ji. Akwai mai magana, amma ban iya cewa wane ne ba."

"Ke mi kika sani ga sauti?"

"Ban san komi ba. Amma kunne guda gare ka yanzu, kuma zuciyarka ba ta kwanta ba tun da Yaya Mati ya rasu. Ka kai ma hukuma."

Ya ɗaga hannu, ta tsaya tana dubansa, ya sauke. Ya sa takalmi ya fita, ya dawo da Usman, shugaban 'yan sa-kai na unguwarsu, wanda shi ma an kashe masa ƙane a hanyar gona. Karon farko Usman ya ce bai ji komai ba. Rabi'u ya faɗa masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa masa sunan, ya sake sa masa. Usman ya runtse ido, can ya gyaɗa kai.

"Shi ne," in ji shi.

Da safe, lokacin da jirage ke sauke kifi, suka sami Lawali durƙushe gaban wani inji, hannunsa duk baƙin mai. Su shida ne, har da Rabi'u da Usman. Lawali ya ɗago ya ce, "Mai Sauti, ya jikin?" Usman ya shaƙo wuyan rigarsa ya ja shi ƙasa. Suka rufe shi da gora da bulalar roba. Yana tambayar abin da ya yi, ba wanda ya amsa. Da wani ya ce mai kai wa 'yan bindiga labari ne, sai masu dako da masu sayen kifi suka shigo, wani da itace, wani da dutse. Ya rarrafa zuwa ruwa, suka jawo shi ta ƙafa, yashi ya cika masa baki.

Rabi'u ya zaro filafilin tuƙi daga wani kwalekwale. Ya ce a matsa. Ya tsaya a kansa ya ce, "Faɗi. Ce ku tare direban. In ji da bakinka."

Lawali ya buɗe baki, jini ne ya fito. Rabi'u ya sauke masa filafilin a muƙamuƙi, ya ƙara, itacen ya tsage. An riga an aika a kawo fetur sa'ad da motar 'yan sanda ta shigo tana harbi sama.

Lawali bai mutu ba. Muƙamuƙinsa ya karye gida uku, haƙoran gaba duk sun zube, harshensa ya tsage. Da aka cire masa wayoyin da aka ɗaure bakin da su, maganarsa ta koma wani gunguni da matarsa kaɗai ke ganewa. Bincike bai samo komai a kansa ba. Mutumin da ya yi wa gyara ya rantse cewa tun ana gobe biki ya sa shi a jirgi ya dawo Yelwa, wasu biyu kuma suka ce kamar sun gan shi ranar.

Rabi'u na tsare aka tura wa Zaidu abin da aka ɗauka. Ya zo da kansa ranar ziyara, suka zauna a kan benci, ya matso ta damansa.

"Na saurara da kayan da suka fi naka. Maganar tana nan, yadda ka ji ta. Amma fiton nan ba daga bakin mutum yake ba. Makirfon na kusa da lasifika, ita ke kuka. Kowa ya yi magana a wurin sai ka ji shi, har kai. Kuma fulogin da ka haɗa, wanda Zulai'atu ta nuna mani, ya ƙara fito da shi."

"To muryar wa ce?"

"Ban sani ba, Rabi'u. Tana iya zama tasa, tana iya zama ta mutum dubu."

An yanke wa Rabi'u shekara ɗaya da wata shida, Usman shekara biyu. A gidan yari Rabi'u ya yi faɗa sau ɗaya, a makon farko, daga nan ba a sake jin kansa ba. Da ya fito ya tarar Zulai'atu ta riƙe gida da sayar da soyayyen kifi. Ya rabu da lasifikun, ya kama ɗan shago kusa da kasuwa yana gyaran fanka da fitilar sola.

Lawali ya bar Yelwa ya koma wajen dangin uwarsa kusa da Wara. Da damina ta ɗauke, Rabi'u ya hau mota ya je. Ya same shi ƙarƙashin wata rumfar kara a bakin tafki, bakinsa a karkace, yana wanke fulogin inji a kwanon fetur. Rabi'u ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Na zo ne ka yafe mani. Ban sani ba ko kai ne. Har yau ban sani ba. Ban da ikon yi maka abin da na yi."

Lawali ya ɗago ya dube shi. Ya faɗi wani abu, kalma uku ko huɗu. Rabi'u ya juyo da kunnen dama ya roƙe shi ya sake. Bai sake ba, ya koma kan aikinsa. Matarsa na tsaye a bakin rumfar da tulu a kai. Rabi'u ya tambaye ta me ya ce, ta ce ba ita aka yi wa maganar ba, ta wuce.

Ya zauna a wurin har aka kira azahar. Suka yi salla a masallaci ɗaya, sahu ɗaya, mutum huɗu a tsakaninsu. Da aka sallame Lawali ya fita ta ƙofar gefe, Rabi'u ya nufi bakin hanya neman motar Yelwa.